Alhamis a Maigatari

Mun sayar da riɗi buhu huɗu,
Baba ya cusa kuɗin a lalita.
Na ce, "Yau ba fura a tsaye,
zo mu shiga wurin 'yar Kwatano."

Ya tsaya bakin labule yana duban faso a ƙafarsa.
Shekara saba'in bai ci a idon baƙo ba
sai gidan suna, sai zaman makoki.

Fanka na kaɗa ƙuda, kujerun roba,
direbobin shanu sun sunkuya kan faranti.
Ta kawo sakwara da miya ja wur,
kan kifi na leƙen mu.

Ya ture cokali.
Ya wanke hannu, ya yi bisimilla,
ya gutsura, ya dangwala,
ya yi shiru.

"Akwai daddawa," in ji shi,
"irin ta Tasalla, uwarka."
Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce yaji ne.

Wajen biya ya yi tsaki:
"Kuɗin gero tiya biyu!"
Sai da muka kusa tasha
ya ce, ba tare da ya dube ni ba,
"Kowace Alhamis take buɗewa?"