Gwangwani a Dajin Achimota

Waya ta ce saura taku ashirin,
sai ta yi gum.
Na jefa ta aljihu.
Ƙarar motoci ta koma can baya.
Tururuwa na jan fiffiken fara,
ƙadangare na gyaɗa mini kai:
ya san wurin, ba zai faɗa ba.

Ƙarƙashin saiwar dalbejiya,
gwangwanin madara naɗe da leda.
Ciki: maɓalli, guntun fensir,
da takarda: Naa Dede, watan jiya,
"Ruwa ya ba ni kashi."

Na rubuta: Tanimu, daga Nima.
Na ɗauki maɓallin, na bar ƙwayar carbi.
Ban tashi ba.
Wani tsuntsu da ban san sunansa ba
bai gama magana ba tukuna.