Rairayi a Marar Zeytin

Shekara arba'in ina jan taru a Bahar Aswad.
Na san teku, na san rairayin bakinsa,
ban taɓa sanin rairayi kan taru
a marar muzuru ba.

Daren Laraba Zeytin ya tsuguna a kaskon yashinsa,
ya tashi, ya koma, ya sake tashi.
Ɗigo biyu. Na ukun ja-ja.
Kukan ba na yunwa ba ne;
na san na yunwa, shekara tara ina jin sa.

Da sassafe na naɗe shi a mayafin marigayiya Nezahat,
na hau tudun Trabzon, gwiwata na ƙara,
shi shiru.

Likita Gülizar ta ce, "Leƙa nan, Baba Hulusi."
Na sa ido a madubinta:
'yan duwatsu masu kusurwa, masu ƙyalli,
kamar an daka gilashin fitila.
Suna da kyau. Abin haushin ke nan.

Ta ce hanyar namiji kafar allura ce,
in ta toshe, kwana guda ma ya yi yawa.
Sannan ta tambayi abin da yake ci.
Na dubi takalmina.
Kan kifi. Ƙaya. Ɓawon cuku.
Busasshen abincin buhu, mai arahar nan.
Duk abin da hannuna ya kai bakina,
rabi nasa ne.
Ni da na ɗauka ƙauna ce.

Ta rubuta mana doka a farar takarda:
na gwangwani, mai ruwa-ruwa, wanda ta zaɓa,
a auna, kada a ƙiyasta.
Ba kifi. Ba ɗan taɓawa daga faranti.
Da ruwa, ta ce, ruwa, ruwa,
har ta ja layi biyu a ƙarƙashinsa.

Ranar farko ya sunsuna, ya dube ni
kamar na ci amanarsa, ya juya wutsiya.
Na zuba cokali ɗaya na sabo cikin tsoho,
jibi biyu,
kamar mai lallashin yaro ya sha maɗaci.
Sikelin da na auna kifin rabin gari da shi
yau loma yake aunawa.

Kwano uku na ajiye: a taga, a soro, bayan ƙofa.
Ya ƙi duka.
Ashe famfo yake so, mai ɗiga.
Ni da ban taɓa kwana da yoyo a jirgi ba,
yanzu da gangan nake kwance kan famfo.

Na je na roƙi Kadriye maƙwabciya
ta daina jefo masa ta katanga.
Ta ce, "Ɗan wannan?"
Na ce ɗan wannan ɗin ne dutse.

Sai lokacin hamsi ya zo,
duk unguwa ƙamshin suya.
Na rufe ƙofa na soya nawa a ɓoye,
ya zauna a waje, ƙafa ɗaya ta ƙasan ƙyaure.
Loma ta ƙi wucewa.
Na tuna nawa likitan ya hana ni gishiri
tun shekara uku, na yi kunnen ƙashi.
Na kai wa Kadriye kaskon.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Mu ba wuta muka hura ba:
cokali, sikeli, famfo,
mako shida.

Jiya na sake leƙa madubin.
Fili fetal, kamar teku bayan iska ta faɗi.
Ta ce, "Kada ku koma gidan jiya."
Ban tambaye ta wa take nufi ba.

Yanzu tsakar dare ina kasa kunne.
Ba teku nake saurare ba.
Wata 'yar ƙara ce daga kaskon yashi,
doguwa, ba yankewa,
sai ƙafa tana tona, tana rufewa.
Sannan in tashi, in sha nawa kofin,
in kwanta.