Sandar Safiyo

Na sauka Kubwa da jaka ɗaya,
Barau safiyo ya miƙo sanda: "Nan za ka tsaya."
Wata bakwai ina shan rana a tsohuwar gonar doya,
Har na san inda dutsen iyaka ke ɓuya.

Sai dillanci, makullai fal aljihu, ɗakunan haya,
La'adar farko ta ƙare a facin taya.
Na taɓa tallan fulotin da mutum uku suka saya,
A caji ofis na kwana, can na koyi tambaya.

Kande, tunda kin nace sai na nuna hanya:
Karanci kimanta gidaje, ko ki bi lauya.

Sandar Barau na bayan ƙofa, in kin shirya.