Kujera Ta Shida

A Marshall, can gabashin Texas,
aka kira ni ran Litinin. Na bar tukwanen makaranta,
na bar wake a jiƙe a hannun Lurleen,
na zauna kujera ta shida cikin mu takwas
masu taya alƙali yanke hukunci.

Shari'ar kan murfi ce.
Murfin kwalbar magani, wanda yaro ba ya iya buɗewa,
tsoho kuwa ya buɗe da hannu ɗaya.
Dala miliyan casa'in
a kan abin da bai cika tafin hannuna ba.

Lauyoyi sun zo da akwatuna masu taya,
takalmansu ba su san laka ba.
Kwana biyu suna fiɗar kalma ɗaya:
"manne".
Wannan ya ce abin da aka manna ba ya motsi.
Wancan ya ce ƙofa ma manne take da bango, ga ta tana lilo.
Ni da na shekara ashirin da biyu ina kankare ƙanzo
na san abin da ake kira manne,
amma ba wanda ya tambaye ni.

Kamfanin da ya kawo ƙara ba ya ƙera ko allura.
Takarda ya saya, takarda yake kiwo,
ita yake tatsa safe da yamma.

Ran Laraba aka shigo da mai ƙirƙirar,
Emmett Sobczak, daga Toledo, shekara saba'in da tara,
kwat ɗinsa ta yi masa yawa a kafaɗa.
Ya ce a bayan takardar kuɗin wuta ya fara zana shi,
daren da yatsun matarsa suka ƙi lanƙwasuwa,
ta jefar da kwalbar, ta yi kukan haushi.
Ya sayar da haƙƙin ƙirƙirar dala dubu goma sha ɗaya
shekarar da aka garƙame shagonsa.

Lauya ya miƙa masa murfin waɗanda ake ƙara.
"Wannan naka ne?"
Tsoho ya juya shi, ya kai shi kusa da tabarau,
ya danna da babban yatsa. Ƙas.
Sai ya yi murmushi, ya manta inda yake:
"Kai, sun gyara bakin. Nasu ya fi nawa laushi."
Lauyoyin ɓangare biyu suka miƙe tare.

A ɗakin shawara kofi ya huce.
Odell Pruitt, mai facin taya, ya ce sata sata ce
ko da ɓarawo ya yi wa akuyar wanka.
Wata malamar lissafi ta ce mu koma kan kalmar.
Muka koma. Har ƙarfe huɗu muna kanta.
Takardar hukunci tambaya uku gare ta:
an keta? haƙƙin na nan da ransa? nawa za a biya?
Na duba gaba, na duba baya,
babu layin da zan rubuta sunan Emmett.

Miliyan talatin da ɗaya muka rubuta. Na sa hannu.

Da na fito na hange shi a bakin titi,
yana jiran motar da za ta kai shi filin jirgi,
yatsansa na danna iska, yana sakewa.
Na so in yi masa magana. Motar ta riga ni.

Washegari na koma kicin.
Lurleen ta ce, "Wa ya ci?"
Na ce ta miƙo min soson ƙarfe,
tukunyar wake ta kama.