Ɗakin da Na Saya a Gdansk

Zuloti ɗari biyu da talatin,
su suka rage bayan haya da kuɗin wuta.
Na cusa su cikin safar hannu,
na rataya jita a kafaɗa,
na gangara titin da ke kai mutum bakin ruwa,
ƙanƙara tana kuka a ƙarƙashin takalmina.

Shagon Zdzisław a ƙarƙashin ƙasa yake,
matakala tara, warin tsohuwar waya da gahawa.
Na ce, feda nake so, ta amsa-kuwwa,
wadda kuɗinta ba zai hana ni cin abincin Asabar ba.

Ya jera uku a kan katako.

Ta farko shuɗiya, sabuwa fil,
maɓallai bakwai kamar haƙoran yaro.
Na taka, na taɓa tsirkiya ɗaya,
sai ga majami'a ta buɗe a cikin lasifika,
rufinta can sama, ko tsuntsu sai ya huta a hanya.
Ɗari tara da hamsin.
Na ɗauke ƙafata a hankali
kamar wanda ya taka tabarmar da ba tasa ba.

Ta biyu tana karkarwa,
gwangwani ne ya faɗa rijiya.
Ta uku ba ta ƙara komai ba sai huci.
Iya kuɗinka, iya shagalinka, in ji zuciyata,
na fara naɗe wayar.

Tsohon ya cire tabarau, ya ce,
ba feda ake saye a nan ba, yaro, ɗaki ake saye.
Wane ɗaki kake nema?

Nawa dai taku huɗu ne,
in na yi tari bango ya riga ni ji,
Bożena ta ƙasa kuma tana da tsintsiya mai dogon hannu
da take buga wa rufinta da zarar tara ta yi.

Amma ba shi na faɗa ba.
Na ce, ubana mai walda ne a masana'antar jiragen ruwa.
Ina shekara bakwai ya shigar da ni cikin wani jirgi
da ba a gama ba, ciki fayau, ƙarfe ko'ina,
duhu sai fitilar goshinsa.
Ya ce, tsaya nan. Ya yi nisa.
Sannan ya kira, Leszek!
Sunan ya tafi, ya daki ƙarfe, ya dawo,
ya sake tafiya, ya dawo da sanyi a jikinsa,
har na rasa wanne ne bakin ubana.

Zdzisław bai ce komai ba.
Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara,
ya zaro wata daga ƙarƙashin kanta,
toka-toka, fenti ya ɓare,
wani ya taɓa rubuta lambar waya a gindinta.
Maɓalli ɗaya ya karye, ya ce,
ya maƙale a kan mafi tsawo, ba ya komawa.
Shi ya sa ba mai so.
Ɗari da casa'in, babu garanti.

Ban yi ciniki ba.
Canjin ya ishe ni batir da burodin hatsi.

Da dare na rage murya har ƙasa,
na taka, ƙaramar fitila ja ta kama.
Tsirkiya ta shida, sau ɗaya.
Bangon ya ja da baya.
Kabad ya tafi, taga ta tafi,
sautin ya yi ta tafiya cikin duhun ƙarfe.

Ba jirgin ba ne, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.
Akwai ɗan huci a ƙarƙashi,
kamar tartsatsin walda daga wani ɓangaren.
Na bar shi.

Tara ta wuce da minti ashirin.
Na saurari tsintsiyar Bożena.
Shiru.
Na sake taɓa tsirkiyar,
na zauna ina jiran ta dawo.