Gonar Tafarnuwa a Bakin Ebros

Sunana Lazaros, gonata na bakin ruwa,
kadada uku ta tafarnuwa, ɗaya ta alkama.
Kogin nan suna uku gare shi:
mu Girkawa mu ce Ebros,
Turkawa a tsallake su ce Merich,
mutanen tudu su ce Maritsa,
shi kuwa bai taɓa amsa ko ɗaya ba.

Bara waccan aka kafa shingen ƙarfe,
tsayinsa ya ninka nawa har uku.
Da la'asar inuwarsa kan kwanta bisa kunyoyina
layi-layi, kamar an yi wa ƙasa tsaga.
Ban yi musu ba. Na ma sa hannu a takarda.
Wanda aka tattake wa shuka dare bakwai a jere
ba sai an yi masa wa'azin iyaka ba.
Gida ba ƙyaure kango ne,
ƙasa ma haka, in ji ɗana Fotis,
mai sintiri da fitila da kare,
cikin kakin da na yi ƙwalla ranar da ya fara sawa.

Jiya da asuba na tsinci takalmi.
Wari ɗaya, ja, na yarinya,
igiyarsa a ɗaure, laka har baki.
Na juya shi na duba ƙasansa,
wai ko zan ga sunan garinsu.
Lamba ce kawai: ashirin da shida.

Sai kakata Eblambiya ta faɗo mini.
Ruwan nan ta ƙetaro tana 'yar tara,
a keken shanu, da tukunyar tagulla a cinya,
shekarar da manya suka zauna a wani ɗaki mai nisa
suka raba mutane da alƙalami, rabon gado.
Aka ce mata: sauka, kin iso ƙasarku.
Masu ƙasar suka ce mata irin Turkawa,
suka sa wa rijiya kwaɗo.
Har ta mutu da Turkanci take ƙirga kuɗi,
da Girkanci take roƙon Allah,
in ranta ya ɓaci ta haɗa biyun.
Yau jikanta ne ya kafa tuta a ƙofar gida,
ba mai tambayarsa daga ina.

To, damina nawa baƙo ke yi
kafin ƙasa ta daina jin nauyin ƙafarsa?

'Yata Antula tana Jamus, tana wanke tsofaffin wasu.
'Ya'yanta in na kira su a waya
sai su amsa da harshen da ban iya ba.
Makarantar ƙauyenmu an rufe ta,
shamuwa ta yi sheƙa a kan bututun hayaƙi,
ita da ke zuwa daga kudu duk shekara
ba mai ce mata kawo takarda.
Ranar cirar tafarnuwa kuwa,
Gulzar ne ke durƙusawa kusa da ni,
yaron da ban taɓa tambaya ta ina ya shigo ba,
don bayana ya ƙi, kuma amfani ba ya jira.

Na ce a tsare ƙasa, har yanzu ina faɗa.
Sai dai da dare nakan ƙirga abin da ake tsarewa:
tsofaffi arba'in, coci, kantin gahawa,
da kaburburan waɗanda suka zo a keken shanu.

Da sanyi kogin ya yi ambaliya,
ya ɗebi yashi daga gefensu ya jibge a nawa,
ban san tutar wa zan kafa a kai ba.

Na wanke takalmin a bakin famfo,
na rataye shi a reshen ɓaure ya bushe.
Fotis ya dawo daga aiki, ya tsaya, ya dube shi.
Ya ce: Baba, na wa ne?
Na ce: zauna ka ci abinci,
miyar kakarka ce, ta tsallake.