'Yan Gyauro

Mu huɗu ne, kuma ba wanda ya shuka mu.
Ranar da Talle ya ce a raɗa wa ƙungiya suna,
Lawandi ya nuna gefen juji
inda dawa ta tsiro da kanta, ba huɗa, ba taki,
ya ce: ga sunanmu can a tsaye.

Jitar farko a bayan tirela ta iso Aujara,
cikin kayan gwanjo, wuya a karkace,
tsirkiya biyu babu.
Isiyaku mai faci ya warware wayar birki,
ya ɗaura, ya ciji leɓe, ya ja,
ta yi ƙara irin ta ƙyauren da bai sha mai ba.
Muka dubi juna. To, muryarmu ke nan.

Ni ganguna na riƙe:
jarka biyu, rabin duro,
da murfin tukunyar Inna Kande
wanda har gobe ba ta yafe mini ba.

Damina uku muna fama a siton riɗin Alhaji Bawale.
Yatsun da suka wuni a ƙotar fartanya, duk kanta,
su ne ke lallaɓa tsirkiya bayan lisha.
Batirin mota ne wutarmu;
in ya mace a tsakiyar waƙa
sai mu ƙarasa da baki, cikin duhu,
ɓeraye na ji.

Shekarar da zoɓo ya yi kuɗi muka sayar da buhu biyu,
muka ɗauko wani yaro daga Jahun
da kwamfuta a jakar goyo.
Muka lulluɓe bango da kwalin ƙwai.
Waƙa tara, kwana huɗu, gurasa da ruwan randa.
Ana cikin ta uku jakin maƙwabta
ya sako nasa baitin.
Yaron ya ce a goge.
Talle ya ce a bar shi, shi ma ɗan gari ne.

Ranar kasuwa faifai ya fito,
naira ɗari a tura maka a waya.
Mahaifin Lawandi ya saurara har ƙarshe, tsakani da Allah,
sannan ya tambaya yaushe za a fara waƙar.
Mai shirin rediyo ya sa rabin ta farko
ya katse da tallan taki.
'Yan birni suka ce akwai warin ƙauye,
'yan ƙauye suka ce kiɗan Nasara ne,
muka rataye a tsakiya kamar jemage.
Amma ta tsoho Nakande mai gurmi ce ta hana ni barci:
ya ce, yara, jitarku tana kuka da gaske,
sai dai ba ta san wa ya mutu ba.

Mutum talatin da bakwai suka biya.
Sunayensu na nan a bayan tsohuwar kalanda.
Sauran ta bulutut suka sha,
kyauta, kamar ruwan rijiyar masallaci.

Daga nan Isiyaku ya bi Kudu da babur.
Talle ya sami koyarwa a Gwaram, ya daina ɗaga waya.
Jitar Lawandi tana rataye a zaure,
zanzaro ya yi gini a cikinta.
Ni ina cajin waya a bakin tasha,
ina kaɗa benci in ba ciniki.

Bara, lokacin maimai, na ratsa ta gonar gero,
na iske 'yan gayya sun jeru, sun sunkuya,
suna rera amshin waƙa ta uku.
Sun canza kalmomi, sun rage mata gudu
ta yi daidai da saran fartanya.
Na ce, samari, waƙar wa ce?
Suka ce ta dā ce, Baba, tashi muka yi muka gan ta.

Ban gyara musu ba.
Na tsaya a inuwar gawo har suka zagayo,
na ji duk sun yi tsit, numfashi guda,
daidai inda jakin yake shigowa.